Ladanin Bayan Katanga

Agogon da ke bangon babban zauren makarantar ya daɗe da tsayawa. Tun Riskuwa tana aji ɗaya ta same shi haka, hannuwansa biyu a manne wuri guda, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da bango. Ga ta yanzu a aji biyar ana jarrabawar fita, agogon yana nan yadda ta same shi.

Riskuwa 'yar Argungu ce, ɗiyar Malam Dikko manomin albasa, an kawo ta makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Duk ajinsu babu wadda ta kamo ƙafarta a darasin tattalin arziki, kuma shi take so ta karanta a jami'a a Sakkwato. Can kuwa ba a ɗaukar mutum sai da kiredit a darasin. Mahaifinta ya yarda, amma ya yi magana a tsakar gida, gaban ƙanwarta Baiwa, wadda ta gama firamare aka tsayar da ita tana taya Inna aiki har yayarta ta gama.

"In kin ci, ki tahi Sakkwato, ni na san yadda zan yi da ku duka biyun," in ji shi. "In ba ki ci ba, ba a maimaitawa. Ki dawo ki karɓi Baiwa, ita ma ta samu nata."

A hutun da ya yi wannan magana ne ta roƙe shi agogon hannu. Lokacin an gama cirar albasa, kasuwa ta cika har ana zubarwa a ƙasa, dillalai suna taya buhu kamar suna yi wa manomi alfarma. Ya ce bari ya fitar da buhu kaɗan ya saya mata. Ita ce da kanta ta hana shi. Ta ɗauko abin da ta karanta ta yi masa bayani, ta ce ya jera albasar a rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa sama don iska ta riƙa ratsawa, ya jira har ta yi ƙaranci a kasuwa.

"To agogon fa?" ya tambaye ta yana dariya.

"Shi jira, Baba. Ina da ladan."

Ba wasa take yi ba. A bayan katangar zauren jarrabawa akwai ɗan masallacin unguwa, da wani tsohon ladan mai shaƙaƙƙiyar murya wanda ba ya amfani da lasifika. Riskuwa ta lura tun a jarrabawar gwaji cewa duk takardar da aka fara da rana, kiran sallar Azahar yana faɗowa a tsakiyarta daidai. Sai ta tsara wa kanta hanya: kafin ladan ya kira, ta zuba duk abin da ta sani a kan tambayoyi biyu da ta fi ƙarfi; da ya ce Allahu Akbar, ta saki ko me take rubutawa ta bi sauran ukun a gajarce. Hanyar ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ta ma koya wa Sakinatu, ƙawarta wadda gadonsu ke kusa, wadda kullum tattalin arziki ke sa ta kuka.

Tun da aka fara jarrabawa ranaku suka rasa sunayensu a wurin Riskuwa. Akwai ranar Turanci, akwai ranar Lissafi, akwai ranar da ba takarda. Ranar tattalin arziki ba ta je ɗakin cin abinci ba. Ta zauna a kan gado ta toshe kunnuwa da yatsu tana bita. Sakinatu ta dawo ta ajiye mata wani abu a ƙunshe cikin takarda, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Don Allah kar ki ce mini komi," in ji Riskuwa ba tare da ta ɗago ba. "Abin da ke kaina zubewa za shi yi."

Sakinatu ta juya ta koma gadonta.

Wadda ta tsare su a zauren wata malama ce da aka turo daga wata makaranta, mace marar magana. Ta raba takardu, ta dubi agogon hannunta, ta ce a fara, ta koma teburinta. An ce a zaɓi tambayoyi biyar. Riskuwa ta gama ta farko hankali kwance. Da ta duba ta biyu sai ta ga abin gidansu ne: me ya sa farashin amfanin gona ke faɗuwa lokacin girbi ya tashi daga baya, kuma me manomi zai yi?

Ta rubuta albasa. Ta rubuta manyan motocin Kudu da ke tsayawa a bakin kasuwar Argungu, da dillalan da ke haɗa baki, da yadda albasa ɗaya in ta ruɓe take cinye na kusa da ita. Ta zana layin buƙata da na wadata da rula, ta sake zana wani don na farkon ya ɗan karkace. Takardarta ta ƙare, ta ɗaga hannu aka ƙaro. Ta kasa kunne. Bayan katanga shiru, sai kukan akuya. Ta ce a ranta yau hannunta sauri yake yi, tana da sauran fili. Ta kawo rudu, ta kawo ƙungiyar manoma, ta kawo hanyar mota da damina ke yankewa. Ta sake ɗaga hannu.

Can wani abu ya soma yi mata susa a rai, kamar an daɗe. Ta ce tsoro ne. Ta san kanta, in tana jin tsoro komai tsawo yake yi mata. Ladan bai taɓa makara ba.

"Ku fara tattarawa," in ji malamar. "Lokaci ya kusa."

Riskuwa ta ɗago ta dubi mataccen agogon bango, kamar zai ce wani abu. Ta rubuta lambar tambaya ta uku. Biro ya zame a yatsunta don gumi. Ba ta cika layi huɗu ba aka ce a ajiye alƙalami.

A waje, 'yan aji biyar sun taru gindin dogon yaro, kowa na magana ba mai sauraron kowa. Riskuwa ta zo ta zauna a kan saiwa. Laure, mai baki ɗaya da ya ishi aji, ita ta fara hango ta.

"Ga Hajiya Ƙarin Takarda nan! Ke ɗiyar ga, ba ki da tausayi. Duk sadda kinka ɗaga hannu sai cikina shi juya. Ina shafi na biyu kina karɓar littahi na uku!"

"Ai ba yawa ba ne," in ji Iyabo. Iyabo 'yar masu shago ce a kasuwar Birnin Kebbi, nan aka haife ta, kuma ita kaɗai ce mai agogon hannu a ɗakinsu, sai dai wurin zamanta can gaba yake, nesa da su. "Ni gutsi-gutsi na yi. Kowace tambaya shafi ɗaya da ɗan ƙari. In agogo ya ce tashi, in tashi, ko da ina tsakiyar magana. Akwai wadda na bari a kan 'saboda haka'. Su ƙarasa da kansu."

Aka yi dariya.

"Kin kashe kanki," in ji Laure. "Yayana yac ce masu maki ba karantawa sukai ba. Takardu dubu gabansu, wa ka da lokaci? Ɗagawa sukai su ji nauyi, su ba da maki."

"To da kin sa dutse ciki," in ji Iyabo.

"Ni dai na ja rubutuna. Manyan baƙaƙe na yi, ina tsallake layi. Tambayar banki ban san komi ba, amma sai da na cika mata shafi biyu."

"Da mi kinka cika?"

"Na sake rubuta tambayar, na ce tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai, na faɗi dalilin da ya sa take da muhimmanci."

Iyabo ta riƙe ciki. "Allah shi jiƙan mai karanta takardarki. Ke Laure, ba ki ji abin da Malam ya riƙa faɗa ba? Kowace tambaya da buhunta. In buhu ya cika, duk abin da kinka ƙara ƙasa yake zuba. Gara buhu biyar rabi-rabi da biyu a cike har suna fashewa."

"Wannan na malalata ne. Tambayi mai abin." Laure ta zunguri Riskuwa da gwiwa. "Farfesa, yi mana hukunci. Shafi nawa kinka ba kowace?"

Sakinatu tana tsaye gefe tana murza bakin ɗankwalinta, ba ta sa baki a hirar ba tun ɗazu.

"Ladan ba shi da lafiya ne?" in ji Riskuwa. Muryarta ta fito ƙarama.

"Wane ladan?" in ji Iyabo.

"Na bayan katanga. Bai kira ba."

Laure ta dubi Iyabo, Iyabo ta dubi Sakinatu.

"Yau Juma'a," in ji Sakinatu a hankali. "Ba a buɗe wanga masallaci da Azahar ran Juma'a. Duk sun tahi babban masallaci."

Riskuwa ta dube ta. Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: malamai maza da ta gani da fararen riguna suna ratsa fili za su fita, da shirun da unguwar ta yi, da ƙamshin mai da ya biyo 'yan ɗakinsu da safe.

"Kowa ya san Juma'a ce," in ji Laure. "Ba ƙosai anka ba mu ba?" Ta fara dariya, sai ta ga fuskar Riskuwa, dariyar ta yanke. "Tsaya. Nawa kinka amsa?"

"Biyu."

"Biyu mi?"

"Biyu. Da layi huɗu."

Iyabo ta sa hannu a baki. Ta soma lissafi a yatsu, kamar yadda ta saba a shagon uwarta, sai ta ga lissafin ba zai kai inda ake so ba, ta runtse hannun ta ɓoye shi cikin siket.

"In sun ba ki duka makin biyun," ta fara.

"Ba su badawa duka. Kin sani," in ji Riskuwa.

"Amma irin rubutun ga naki," in ji Laure, "wallahi in mai maki ya ga nauyin..."

"Laure, rufe bakinki," in ji Iyabo.

Riskuwa ta juya wajen Sakinatu. Sunayensu a jere suke, don haka teburin Sakinatu yana bayan nata daidai.

"Ke nawa kinka amsa?"

"Biyar."

"Da wane agogo?"

"Ba ni da. Da na tuna ba ladan, sai na ji tsoro, na riƙa yi gajere-gajere ina gudu. Ban ma san abin da na rubuta ba."

"Kina bayana. Kina ganin takardata."

"Ina gani."

"Kin ga ban bar ta biyu ba."

"Na gani. Na yi tari, Riskuwa."

"Ban ji ba."

"Sau ɗaya na yi, matar nan ta ɗago ta kafe ni da ido. In anka kama ni fa? A soke mini duka takarduna? Ni ma ina da uba da ke jira." Hawaye suka zubo mata. "Kuma da sahe na zo in gaya miki. Abin da na zo faɗi ke nan. Kinka ce kar in ce miki komi."

"Ni na koya miki hanyar ladan."

"Na sani."

"Ni na zauna da ke ina zana miki layin buƙata har sau nawa, kina kuka."

"Na sani! Mi kike so in ce?"

Riskuwa ba ta san me take so a ce ba. Duk abin da Sakinatu ta faɗa gaskiya ne, abin da ya fi ƙona ta ke nan. Da akwai ƙarya ko ɗaya a ciki, da ta samu inda za ta kama. Sauran 'yan aji suka ja baya suka ci gaba da hirarsu ƙasa-ƙasa, wata na cewa ta uku ta fi wuya, wata na cewa ba ta zana komai ba ko za a rage mata. Riskuwa tana jin su. Amsar ta uku tana nan a kanta tsaf, da ta huɗu, da ta biyar. Za ta iya tsayawa nan gindin itacen ta karanta musu daga farko har ƙarshe.

Suna nan zaune sai shaƙaƙƙiyar muryar ta taso daga bayan katanga, tana kiran La'asar. Tsohon lafiyarsa lau.

Da ta koma ɗaki ta tarar da ƙunshin da Sakinatu ta ajiye mata. Mai ya huda takardar, tururuwa sun yi layi a kai. Ƙosai ne guda uku. Ta ɗauka ta jefa ta taga.

Ranar da ta koma Argungu, Malam Dikko ya tare ta a zaure ya tambayi jarrabawa. Ta ce an kawo tambayar albasa.

"Albasa? Cikin jarrabawar gwamnati?" Ya tafa hannu. "Kin dai gaya musu?"

"Na gaya musu, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Kafin yamma ya faɗa wa duk wanda ya zauna a dakalinsa. Ita kuwa sauran maganar ta maƙale mata. Kullum ta yi niyya sai ta gan shi yana zagaya rudu yana shafa albasa yana cewa dabarar ɗiyarsa ce. Damina ta sauka, ita da Baiwa suka riƙa hawa suna juya albasar, suna tsince wadda ta fara laushi. Baiwa ba ta taɓa tambayarta ko ta ci ba. Sai dai Riskuwa ta ga ta wanke tsohon akwatin ƙarfen Inna ta kife shi a rana.

Albasa ta yi ƙaranci kamar yadda littafi ya ce. Masu saye suka fara bin gida-gida, dillalan da ke yatsina da rani suka koma gaisuwa da hannu biyu. Cikin masu sayen har da mahaifiyar Iyabo, wadda ke haɗa kaya tana aikawa Kudu. Iyabo ta biyo ta. Tun daga yadda ta shigo ba ta yi tsokana ba Riskuwa ta gane.

"An kafe sakamako," in ji Iyabo da suka keɓe bayan rudu. "Kin ci komi, Riskuwa. Turanci, Lissahi, duka, kin fi kowa. Tattalin arziki kaɗai kinka faɗi."

"Ko fas?"

Iyabo ta girgiza kai.

"Sakinatu fa?"

"Kiredit. Na ƙarshe-ƙarshe, amma kiredit. Tac ce in gaishe ki. Tac ce ba ta san ko kina son gaisuwarta ba."

"Laure?"

"Ta faɗi. Tana ta faɗa wai ba a auna nata daidai ba."

Riskuwa ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

Malam Dikko ya dawo daga kasuwa bayan an loda kaya, fuskarsa kamar an ba shi sarauta. Ya kira ta tsakar gida, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu. Agogo ne mai baƙar fata da farar fuska. Da kansa ya ɗaura mata, yatsunsa masu kaushi suna ta fama da ɗan ƙarfen.

"Na Sakkwato," in ji shi. "Kinka ce shi jira, ya jira."

Ta ji sanyin ƙarfen a fatarta. Ta kai shi kunne, yana tafiya. Sannan ta gaya masa, duka, da ladan, da Juma'a, da tambaya biyu. Inna ta bar tankaɗe. Shi kuwa bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya cire hula ya riƙe.

"Baba, akwai wadda ake yi ƙarshen shekara, ta 'yan waje. Takarda ɗaya ce. In na koma Birnin Kebbi na zauna wajen su Iyabo..."

"Wa zai riƙe ma Innarku aiki?"

Baiwa tana tsaye bakin ɗaki, ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

"Da ke da ni munka yi magana gaban yarinyar ga," in ji shi. "Shekara guda tana jira ba ta ce uffan ba. In na canza yau, da wane baki zan sake yi mata alkawari?" Ya mayar da hular. Ya dubi hannun Riskuwa, ya kau da kai. "Ki ba ta agogon. Ita za ta shiga zauren nan."

Ya tashi ya fita.

Riskuwa ta kwance agogon. Ya bar ɗan shaida a fatarta, ta shafa ya ɓace. Ta yafito Baiwa. Hannun yarinyar siriri ne, ko ramin ƙarshe ya yi mata yawa, agogon yana zamewa har gwiwar hannu. Riskuwa ta ɗauko basillar ɗinkin buhu ta huda sabon rami, ta ɗaura, ta ja har sai da Baiwa ta ce wash.

"Ya matse, Yaya."

"Shi saki da kansa."

Baiwa ta juya hannun tana kallo, tana son ta yi murmushi tana jin nauyi.

"Yaya, in ya tsaya fa?"

Riskuwa ta ɗauki kwando ta nufi rudu. Sauran albasar da masu saye suka ƙi tana can a baje, sai an tsince.